Wasiƙar Akawun Sharaɗa: Kafin A Kori Maigadi, A Duba Akwati

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo a ba ni ɗan filina na kowane mako, in gaya wa 'yan'uwana ma'aikata abin da ya kusa raba wani bawan Allah da abincinsa a banza.

Maigidanmu na nan masana'antar da ni ke aiki a Sharaɗa, gidansa a Bompai ya ke. Ya sa an kafa masa wani ɗan akwati mai sarrafa fitilu, da famfon rijiyar burtsatse, da ƙofar shigar mota. Ko yana ofis, in ya taɓa wayarsa sai famfo ya tashi. To, kwanan baya abin ya soma gardama. Sau uku cikin mako guda waya ta ce ba ta ga akwatin ba, har tanki ya ƙafe, iyali suka kwana ba ruwa. Maigida ya ce lalle maigadi ke taɓawa, ya umurce ni in lissafa kuɗinsa a sallame shi. Dattijo ne, shekara 11 yana tsaron ƙofar nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, a yi mini haƙurin kwana biyu."

Na ɗauko wani saurayi mai gyaran injuna a wata majema ta Chalawa. Da zuwansa bai taɓa kome ba, sai ya gai da dattijon, ya ce, "Baba, yaushe abin ke ɗaukewa?" Ya ce, "Yaro, duk sa'ad da wuta ta tafi na ta da janareta." Ashe amsar tana bakin mutumin da ba wanda ya tambaya!

Ga bayanin da saurayin ya yi mini. Akwatin ba ya magana da waya kai tsaye, sai ta hannun wani akwati mai raba intanet, wanda samari ke kira rauta. Ita rauta ce ke ba kowace na'ura lambar gida, kamar yadda gidan waya ke ba mutum lambar akwatin wasiƙa. In wuta ta dawo, akwatin kan farka nan da nan, rauta kuwa sai ta yi minti ɗaya ko biyu. Akwati ya nemi lamba, bai ji amsa ba, sai ya laƙa wa kansa wata mai farawa da 169.254, wadda ba ta kai saƙo waje. Wanda ya ga wannan lamba ya san rauta ba ta amsa ba.

Saboda haka, jama'a, in irin wannan ta same ku, ku bi ta daki-daki.

Na farko, a duba wuta da igiya. Igiyar da ta yi sako-sako ko ta cika da ƙurar hunturu ta isa ta yanke magana.

Na biyu, a kashe su duka biyu, a kunna rauta tukuna, a dakata fitilunta su tsaya, sa'an nan a kunna akwatin.

Na uku, a duba layin Wi-Fi. Yawancin ƙananan na'urorin nan layi mai lamba 2.4 kaɗai su ke ji, ba su jin mai lamba 5. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe kuma suna rage ƙarfinsa. In an sake kalmar sirri, sai an gaya wa akwatin sabuwar.

Na huɗu, a gwada ko wayar da ke kan rautar tana buɗe intanet. In ba ta buɗewa alhali kome na gida daidai ne, laifin a waje ya ke. Kun tuna ran 14 ga Maris 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har aikin bankuna ya sami cikas a Nijeriya. Ran nan ko gwanin gwanaye ba shi da dabara sai haƙuri.

Maganin namu bai yi tsada ba. Saurayin ya keɓe wa akwatin lamba guda a cikin rauta, ya ɗora su duka biyu a kan batirin inbata, don kada su mutu tsakanin tafiyar wuta da tashin janareta. Tun ran nan famfo bai sake fashi ba, dattijo kuwa yana nan bakin ƙofarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da na bi umurni da gaggawa, da na rubuta takardar sallama da hannuna, akwati kuma ya ci gaba da halinsa. Rashin sani ya fi dare duhu. 'Yan'uwana akawuna, alƙalaminmu ne ke yanke abincin mutane. Kafin mu sa shi a takarda, mu tambayi wanda abin ya faru a gabansa.

Haza wassalam.

Ni ne naku,
Akawun Sharaɗa, Kano.