Moncreiff Da Wasiƙar Da Ta Haifi Wasa



Wannan makon mun leƙa Sikotlan, wajen Francis Moncreiff, kyaftin ɗin ƙasar na farko a wasan zari-ruga. Akanta ne, ɗan babban alƙali. Sau uku kacal ya buga wa ƙasarsa, daga 1871 zuwa 1873: ya ci ɗaya, an ci shi ɗaya, an yi canjaras ɗaya. A ganinmu, babban aikinsa a takarda ya yi shi.

A 1870 an riƙa shirya ƙwallon ƙafa a Landan da sunan karawar Ingila da Sikotlan, alhali masu wakiltar Sikotlan ɗin kusan duk mazauna Landan ne. An ari bakin mutanen gida an ci musu albasa ke nan. Maimakon gunaguni a bayan fage, a Disambar shekarar Moncreiff da wakilan wasu kulob huɗu suka sa hannu a wata wasiƙa, jaridun The Scotsman da Bell's Life suka buga. Suka ƙalubalanci Ingila ta kawo mutum 20 su kara da nasu 20, bisa ƙa'idar zari-ruga, wadda suka fi sabawa da ita.

Ingila ta amsa. Ranar 27 ga Maris 1871 aka haɗu a filin Raeburn Place da ke Edinbura, gaban 'yan kallo kimanin 4,000, Sikotlan ta yi nasara. Wannan ne wasan zari-ruga na farko tsakanin ƙasa da ƙasa.

Wani zai ce ai shi ma Moncreiff aron baki ya yi, tunda galibin 'yan wasansa daga jami'o'i da makarantun masu hannu da shuni suka fito. Gaskiya ne, kuma duk mai rubuta tarihinsa bai kamata ya ɓoye hakan ba. Amma ƙorafinsa a fili ya yi shi, da sunansa a ƙasa, ya faɗi abin da yake so, sannan ya shiga fili da kansa inda kowa zai ga iyakar ƙarfinsa.

Mu ma mun iya kukan cewa wasu suna ba da labarinmu ba daidai ba. Kafin mu sake yin kukan, mu tambayi kanmu: ina namu rubutun da za a ajiye kusa da nasu a gwada?

Muna jiran ra'ayoyinku.