Tsatsar Tafarnuwa: Yaƙin Da Manomi Ɗaya Ba Zai Ci Shi Kaɗai Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk ruwan da inji ya ɗago a lambunan Maigatari, Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar kuɗi ne tsagwaronsa. Shi ya sa asarar tafarnuwa a bana ta fi ta da ciwo, kuma tsatsa na cikin masu jawo ta.

Alamarta ƙananan ɗigo-ɗigo ne masu launin ruwan lemo a jikin ganye. In ka shafa, sai garin ya maƙale a yatsa. Ganye ya bushe da wuri, kan tafarnuwa ya tsaya ƙarami, a kasuwa kuma a taya shi da arha. A jihar Kalifoniya ta Amurka, a 1998, wannan cuta ta cinye kusan rabin amfanin tafarnuwarsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fesa maganin ƙwari. Tsatsa ba ƙwaro ba ce, naman gwari ce, kuma iska ke ɗaukar ƙwayoyinta daga fage zuwa fage. Sanyin dare na hunturu da jiƙaƙƙen ganye su ne abincinta. Manomin da ke ban ruwa da yamma, ya cika shuka a matse, ya zuba yuriya fiye da kima, shi ya shimfiɗa mata tabarma.

Abin yi a fili yake. A yi ban ruwa da safe, a gindi, kada a jiƙa ganye. A tsinke ganyen da ya kamu, a ƙona shi nesa da lambu. A fesa maganin naman gwari irin mankozeb tun ɗigon farko, bisa umarnin da ke jikin kwalinsa. Bayan girbi a kwashe sauran ganye, kuma kada a maimaita tafarnuwa ko albasa a fagen har shekara biyu zuwa uku.

Sai dai in ka gyara naka, maƙwabcinka ya bar nasa, iska za ta dawo maka da ita. Nan ne ƙungiyoyin manoma ke da aiki: a duba lambuna tare duk mako, a haɗa kuɗi a sayi magani na gaske, a fesa rana ɗaya, a kuma kira malaman gona na JARDA tun kafin ganye ya yi ja.