Gogen miliyoyin dala: Bai kamata mai sayarwa ya zama mai tantancewa ba

A shekarar 2011 an sayar da wani gogen Turawa mai suna Lady Blunt kan dala miliyan 15.9. Antonio Stradivari ne ya ƙera shi a 1721 a garin Cremona na ƙasar Italiya. Kayan kiɗansa kimanin 650 ne suka rage a duniya, amma gogunan da ke ɗauke da sunansa dubbai ne, domin a ƙarni na 19 masana'antu a Jamus da Faransa sun riƙa liƙa takardar sunansa a cikin gogunansu masu araha.

Saboda haka masana ba sa dogaro da takardar. Suna duba siffar jikin gogen, da sassaƙar kansa mai murɗewa, da yankan ramukan sauti biyu, da man da aka shafa wa katakon, sannan su bi tarihin hannayen da ya ratsa. Kunne ma ba alƙali ba ne. A wani gwaji da aka yi a Indianapolis ta Amurka a 2010, an kare idanun ƙwararrun makaɗa, suka kasa bambance tsofaffin gogunan da sababbi.

Kimiyya ta kawo sauƙi. Bishiya tana ƙara zobe ɗaya kowace shekara, kuma ana kwatanta zobban katakon gogen da na itatuwan da aka san shekarunsu. Stradivari ya rasu a 1737, don haka katakon da aka sare bayan nan ba nasa ba ne. Wannan gwaji ne ya nuna jabu ne goguna biyu da dillali Dietmar Machold ya jinginar wa wani banki a Jamus. A 2012 kotu a Vienna ta ɗaure shi shekara shida kan zamba.

Sai dai zobba suna ƙaryata jabu ne kawai, ba sa faɗin wanda ya sassaƙa. Hukuncin ƙarshe yana hannun masana ƙalilan, kuma da yawansu dillalai ne masu samun kaso idan ciniki ya faɗa. Nan matsalar take.

A ganinmu, wajibi ne a raba mai tantancewa da mai sayarwa, a kuma gwada katako kafin a biya kuɗi. In ba haka ba, mai saye cinikin biri a sama yake yi.