Wanda Ya Bar Gida, Gida Bai Bar Shi Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majalisun Madarunfa, musamman lokacin Sallah ko bikin aure, sa'ad da mazauna ƙasar waje ke dawowa ganin gida. Da an hango mutum ya sauko daga mota cikin shadda mai sitati, ya ce a kawo masa fura da nono, ya ja 'ya'yansa zuwa bakin tafki yana ɗaukar hoto da waya, sai a fara zunɗe: "Wai yau ya tuna shi Bahaushe ne." Wani ya ƙara da cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A ganin masu wannan magana, al'ada ta wanda ya zauna ce, shi kuwa wanda ya tafi Abijan, Tirabulus ko Faransa, ƙaunar da yake nuna wa gida burga ce kawai.

Wannan ra'ayi kuskure ne, kuma mutanen ƙasar Maraɗi su ne na ƙarshe da ya kamata su furta shi.

A tambayi dattawa su wane ne suka kafa sarautar da muke tinƙaho da ita. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar Haɓe ya fita daga birnin da 'yan rakiyarsa, aka yi ta yawo, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajajen 1819. 'Yan gudun hijira ne, ba wani abu ba. Amma ba su jefar da komai a hanya ba. Sun zo da Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, sun zo da sarautar Iya, kuma har gobe sarkin Maraɗi Sarkin Katsina ake kiransa. Haka Gobirawa suka yi a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Masu binciken tarihi da ke son sanin tsarin tsohuwar Katsina kafin jihadi, Maraɗi suke zuwa su duba. Ke nan waɗanda suka bar gida su ne suka adana gidan. In da karin maganar nan gaskiya ce ɗungurungum, da mu kanmu ba mu da abin da za mu kira namu.

Ba a nan kaɗai ba. A Sudan akwai garin Mai Wurno, wanda mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa, jikokinsu na jin Hausa har yau. A zangon Kumasi da Sabon Zango na Akara ana ɗaura aure da Hausa, ana wa'azi da Hausa. Dalilin a fili yake: wanda ke zaune a gida ba ya jin ƙishin abin da ke gabansa kullum. Sai ka kwana a garin da ba mai amsa maka sallama da harshenka, sannan kake gane cewa gaisuwar safe ma dukiya ce.

Yanzu mu waiwayi kanmu, mu da muka zauna. Tafkin Madarunfa, da dajin da ke kusa da shi, da kaburburan waliyyai 99 da ake cewa sun kewaye shi, tun 2006 Nijar ta sa su cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2019 tafkin ya shiga jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Samari nawa ne a garin suka san haka? Rairayi na cike tafkin, ana sarar itace, masunta na kukan ƙarancin kifi, mu kuma muna zaune muna auna Hausar ɗan wanda ya dawo daga waje. Matasa nawa ne a Gabi, Safo ko Ɗan Isa za su iya kawo kirarin garinsu ba tare da sun yi tuntuɓe ba? Wanda bai taɓa ƙetare Jibiya ba yana iya rabuwa da al'adarsa yana kwance a ɗakin uwarsa.

Kada kuma a manta abin da ya fitar da mutanen nan. Ba ƙin gida ba ne. Gona ta yi kaɗan, baki ya yi yawa, damina ba ta da tabbas, ga 'yan bindiga da suka addabi ƙauyukan kan iyaka. Kuɗin da ɗan cin rani ke aikowa shi ke sayen buhun hatsi a lokacin bazara, shi ke biyan magani. Abin kunya ne mu karɓi aikensa da hannu biyu, ranar da ya zo da ɗansa mai Hausar tsinci-tsinci kuma mu yi wa yaron dariya har ya kama bakinsa. Yaron da aka yi wa dariya yau ba zai sake cewa "ina kwana" ba, kuma alhakin na wuyanmu.

Gaskiya ne akwai masu zuwa don hoto kawai, su ci kwaɗon zogalen Jiratawa, su watsa a Facebook, su koma. Su ma ina da magana da su: alfahari da gida ba ya ƙarewa a hula da babbar riga. Ku yi wa 'ya'yanku Hausa a cikin gidajenku na can, ku turo su hutu wajen kakanni, ku haɗa hannu da ƙungiyoyin gari wajen dashen itace da gyaran makarantu. Tun 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, don haka yaron da kuka hana wa harshen kun rage masa rabo a ƙasar ubansa.

Jama'ar Madarunfa, in ɗanku ya dawo yana neman tushensa, ku shimfiɗa masa tabarma, ku kai shi gaban dattawa ya ji tarihi, ku gyara wa 'ya'yansa Hausa cikin lumana, sannan ku nuna masa aikin da gari ke jira daga gare shi.