Ɗan wasan kyauta ba kyauta ba ne

1/
Jama'a, zare ne, kuma yana da ɗan tsawo. Kwana biyu ina ganin ana ta jero sunayen 'yan wasan da kwantiraginsu ya ƙare, kowa na cewa "kulob ɗinmu ya ɗauko wane mana, ai kyauta ne." Ni dai a ganina kalmar nan ta "kyauta" ta kassara ƙungiyoyi da yawa. Har da tamu ta unguwa. Ku biyo ni.

2/
Bara bayan girbi na dawo Funtua hutu daga makaranta, na tarar an sa gasar unguwanni. Ƙungiyarmu ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Muka yi karo-karo don mu ƙaro mutum ɗaya. Wani ya kawo kuɗin ƙwadagon casar waken suya, wani na acaɓa, ni kuma na yanko daga kuɗin abincin da Baba ya ba ni na komawa makaranta.

3/
Kocinmu ya ce matsalarmu a baya take. Kusan kowane wasa sai an zura mana biyu, mu rama uku da ƙyar. Ya ce akwai wani dogon yaro a wani ƙauye ta wajen Malumfashi, ƙwallon sama ba ta wuce shi, kuma kuɗin mota kawai yake so.

4/
Muka ƙi. Ni ne ma kan gaba wajen ƙin. Saboda an turo mana bidiyon wani ɗan gaba daga Zariya, ba shi da kulob a lokacin, an ce ya taɓa zuwa gwaji a wani babban kulob. Yanka, gudu, harbi da hagu da dama. Na ce, "Koci, irin wannan yana zaune a banza mu bar shi?" Koci ya ce, "To, kuɗinku ne."

5/
Ya zo. Don a sama masa wuri aka ajiye ɗan gabanmu a benci, wanda ƙwallayensa ne suka kawo mu nan. Baƙon ya ci ɗaya, mai kyau kuwa. Aka ci mu 3-1, kuma duka ukun da kai ne daga bugun kwana. Ya karɓi kuɗinsa ya hau motar Zariya. Ɗan gabanmu bai sake zuwa atisaye ba.

6/
Baƙon bai yi laifin komai ba, abin da aka kira shi ya yi shi ya yi. Laifin namu ne. Gona na neman taki, muka je kasuwa muka sayo iri, alhali ga iri a rumbu. Ni kuma na sha garin kwaki na kusan wata guda a makaranta ina tunanin abin.

7/
Abin da ya ƙara buɗe min ido, ku yi dariya in kuna so, ƙwallon Amurka ce. Wadda ake sa hular kwano ana ture-ture, mai kama da zari-ruga. Gasarsu NFL, ƙungiyoyi 32, kowacce da 'yan wasa 53 a jerinta. Duk watan Maris ake buɗe kasuwar waɗanda kwantiraginsu ya ƙare.

8/
Abin lura: suna da iyakar albashi. Duk ƙungiya, mai kuɗi da marar kuɗi, akwai adadin da ba za ta wuce ba wajen biyan 'yan wasanta. A 2025 dala miliyan 279.2 ne. Ke nan duk dalar da ka zuba wa mutum ɗaya, daga bakin wani gurbi ka cire ta. Dole ka fara tambayar kanka: ina ramin yake?

9/
Misali na farko, kuma ɗan gida ne. Nnamdi Asomugha, iyayensa 'yan Najeriya. A Oakland Raiders aikinsa ɗaya: a ba shi mutum, ya manne masa kamar ƙaya a riga. Ya ƙware har abokan hamayya suka riƙa gudun jefa ƙwallo ɓangarensa.

10/
A 2011 Philadelphia Eagles ta ɗauke shi kan dala miliyan 60 na shekara biyar. Sai suka riƙa sa shi tsaron yanki da yawo a fili maimakon mannewar da ya iya. Shekarar farko suka ci wasa 8 aka ci su 8, ta biyu suka ci 4 aka ci su 12. A 2013 suka sallame shi.

11/
Yanzu ga wannan Eagles ɗin dai a Maris 2024. Suna da ƙarti a layin gaba masu buɗe hanya. Sai suka ɗauko Saquon Barkley, mai ruga da ƙwallo, da kwantiraginsa ya ƙare a New York Giants. Ya yi gudun yadi 2,005 a kakar, suka doke Kansas City Chiefs 40-22 a wasan Super Bowl na Fabrairu 2025.

12/
Kulob ɗaya, kasuwa ɗaya, manyan sunaye biyu. Ɗaya an sayo shi an canja masa aiki, ɗaya an sayo shi an ba shi gonar da aka riga aka yi wa huɗa. Mu 'yan karkarar Funtua mun san wannan. Irin shinkafar fadama komai kyansa, ka kai shi jigawa, sai dai ka yi asarar taki.

13/
Mu dawo tamu ƙwallon. Tun hukuncin Bosman na Disamba 1995, ɗan wasa a Turai in kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba tare da an biya tsohon kulob ɗinsa ko sisi ba. Daga nan "kyauta" ta samo asali. Amma tsohon kulob ne kawai ba a biya.

14/
Shi ɗan wasan zai karɓi kuɗin sa hannu. Wakilinsa zai karɓi la'ada. Albashi kuma yakan fi kauri, tunda ya san ba a kashe komai wajen sayensa ba. Sai kuɗin da ba a rubutawa a takarda: wanda za a ajiye a benci dominsa, da tsarin wasan da za a rushe don ya samu wuri. Araha ba ta ado.

15/
Wanda ya dace: Pirlo. Milan ta bar shi ya tafi a 2011, Juventus ta ɗauka. Conte ya sa Vidal da Marchisio su yi masa gudu, shi kuma ya raba ƙwallo. Suka ɗauki Serie A a 2011/12 ba a ci su ko wasa ɗaya ba. Abin da suka rasa shi suka sayo.

16/
'Yan Madrid ku yi haƙuri, dole in taɓa ku. A 2024 Kroos ya yi ritaya, rami ya buɗe a tsakiya. Aka kawo Mbappe, wanda ya fi son gefen hagu, inda Vinicius yake. Mbappe ya ci 31 a La Liga, ba wanda ya ce bai iya ba. Amma Barcelona ta ɗauki La Liga da Copa del Rey, Arsenal ta fitar da ku 5-1 gida da waje.

17/
PSG da ya bari kuwa ta ɗauki Kofin Zakarun Turai a karon farko a 2025, ta lallasa Inter 5-0. Na san za ku cika min wuri da zagi, ba komai. Tambayata ɗaya ce: ƙwallaye 31 ɗin nan sun toshe ramin Kroos?

18/
To a gida fa? Ahmed Musa ya rabu da Al Nassr a Oktoba 2020, ya zauna ba kulob, ya koma Kano Pillars a Afrilu 2021, ya yi 'yan watanni ya wuce Turkiyya. A 2022 Pillars ta faɗi daga firimiyar Najeriya. Mu ma Katsina United a shekarar muka faɗi, muka dawo tare a 2023.

19/
Ba ina ɗora masa faɗuwar ba ne, ya tafi kafin nan. Abin da nake nunawa: zuwan babban suna na 'yan watanni ba ya gyara ginin kulob. Kulob ɗin da ya ɗauki kofi a 2008, 2012, 2013 da 2014 ya karɓi kyaftin ɗin Super Eagles, kuma shekara guda bayan nan ya gangara.

20/
Kuma in faɗi gaskiyar da ba ta goyi bayana ba. Da ya sake dawowa a Oktoba 2024, ya ci biyu a wasansa na farko da Sunshine Stars. Mutanen da ba su taɓa kallon gasar gida ba suka fara tambayar sakamako. Suna yana kawo 'yan kallo, yana kawo 'yan jarida, yara kuma suna koyo a wurinsa. Wannan ma buƙata ce.

21/
Don haka ba cewa nake kar a ɗauki tsofaffin hannu ba. Duba Rabi'u Ali Pele, shekara nawa yana riƙe da tsakiyar Pillars? Ƙungiyar yara zalla wasan waje ɗaya mai zafi zai watsa ta. Magana ita ce kulob ya san me ya je saya. In 'yan kallo yake nema ya faɗa. In tsaron baya ne ya faɗa.

22/
Me ya sa abin ya dame ni? Saboda Katsina United ta gwamnatin jiha ce, haka Pillars. A Amurka doka ce ta sa musu iyakar albashi. Mu nan rashin kuɗi ne ya sa mana, kuma kuɗin na jama'a ne, daga asusun da ake gyara aji da sayen magani. Kuskuren kasuwa a nan ba asarar wani attajiri ba ce, tamu ce.

23/
Ku dubi wanda ya ɗauki firimiyar Najeriya a 2025: Remo Stars ta Ikenne, karon farko a tarihinta. Kulob ne na ɗan kasuwa, yana da filinsa, yana da makarantar horar da yara, Beyond Limits. Wanda ke da rumbu ba ya rawar jiki a kasuwa. Abin da ya rasa kawai yake saya.

24/
Mu ma muna da rumbun, ba a buɗe shi ba ne kawai. Shiyyar Funtua ƙananan hukumomi 11 ce: Funtua, Malumfashi, Bakori, Kafur, Danja, Dandume, Faskari, Sabuwa, Ƙanƙara, Musawa, Matazu. Da yamma ka leƙa filin kowace firamare ka ga yara. Su ma ba su da kulob. Su ne 'yan wasan kyauta na gaskiya.

25/
Yaron da ya yini a gonar masara ko tsinkar auduga, ya dawo ya buga minti 90 ba takalmin kirki, ba ƙarfi ya rasa ba. Ido ya rasa. Wasunsu ma rashin tsaro ne ya koro iyayensu daga ƙauye zuwa cikin gari. Ƙwallo ba za ta ɗauke su duka ba, na sani. Amma gwaji na gaskiya sau ɗaya a shekara, ba sai da ɗan uwa a sama ba, ya fi ƙarfinmu?

26/
Roƙona ga duk mai ɗaukar ɗan wasa, daga filin Muhammadu Dikko har filin unguwa, tambaya uku kafin a sa hannu:
1. Wane rami zai toshe?
2. Wa zai koma benci, kuma ya cancanci haka?
3. Koci ne ya nema ko shugabanni da magoya baya?
In amsa ta ɗaya ita ce "ai babban ɗan wasa ne," a rufe takardar.

27/
Ku kuma abokaina masu neman kulob, shawarar ta shafe ku. Kar ka bi sunan ƙungiya, bi inda ake buƙatar abin da ka iya. Gola na huɗu a babban kulob da gola na ɗaya a ƙaramin kulob, waye masu neman 'yan wasa za su gani? Kuma komai a rubuce. Alkawarin baki ba ya sayen ko awo ɗaya na masara.

28/
Mu magoya baya ma da namu laifin. Mu ne ke matsa wa shugabanni lamba a nan, muna kiran sunaye. An ɗauko ɗan baya daga ƙaramar gasa, mu ce "waye wannan?" An ɗauko tsohon suna mai ciwon gwiwa, mu yi ta murna. Sai kaka ta raba mu fara zagin koci.

29/
Ƙarshen labarin unguwarmu: da na dawo hutun Sallah na je har shagon da ɗan gabanmu ke koyon ɗinki na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, amma har yanzu bai dawo fili ba. Dogon yaron Malumfashi kuwa, wata unguwa ce ta ɗauke shi. Bana in Allah Ya kai mu bayan girbi, da shi za mu kara.

30/
Yanzu ku faɗa min: kulob ɗinku, na Turai ko na gida ko na unguwa, ina raminsa yake? Gurbin nake so ku fara faɗa, sannan sunan. Wanda ya fara da suna zan tura masa lambar ɗan Zariya.