Ba a fafe gora ranar tafiya: darasin katin gayyata mai bidiyo

 Yau zancen kati za mu yi, wanda ake yayi yanzu a bukukuwan masu hannu da shuni da tarukan manyan kamfanoni. Kana buɗe shi sai ɗan allo ya kunna kansa, hoto ya motsa, murya ta fito tana gayyatarka ɗaurin aure ko tana tallata maka kaya. Kwali ne mai kauri, a cikinsa an ɓoye allo irin na waya, da batir, da 'yar lasifika, da maganaɗisun da ke kunna shi idan an buɗe, ya kashe shi idan an rufe. Abin sha'awa ne, ba musu. Amma ya kusa raba wani ƙanin abokina da sana'arsa, kuma abin da ya same shi zai iya samun duk wanda ke karɓar aikin mutane.

Yaron a nan Wudil yake. Ya gama karatu, aikin gwamnati bai samu ba, sai ya riƙe zane a kwamfuta: katin biki, fosta, sitika, kalanda. Wajen 20 ga Janairun 2025 wani Alhaji mai harkar shanu a kara ya kira shi. Ya ga irin katin a wani biki a Abuja, shi ma yana son guda 50 na manyan baƙi, domin zai aurar da 'yarsa a tsakiyar Fabrairu, kafin azumi. Yaro ya duba intanet, ya ga wani kamfani a ƙasar Sin ya rubuta cewa cikin kwana 7 yake gama aiki. Alhaji ya tambaye shi, "Yaro, ka tabbata za su iso kan lokaci?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, sati biyu ma ya yi yawa." Aka ba shi kafin alƙalami, kuɗin da sun kai na ɗan maraƙi.

Katunan sun iso Kano ana cikin azumi. Amarya ta daɗe da tarewa, har ta fara girkin buɗa baki. Alhaji bai kai shi ƙara ba, bai ma ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Da ka faɗa min gaskiya, da na buga na takarda na huta." Yaron ya shafe watanni yana biyan kuɗin kaɗan-kaɗan, kuma har yau abokan Alhajin ba su sake ba shi aiki ba.

Abin da zai ba ka mamaki, kamfanin bai yi masa ƙarya ba. Kwana 7 ɗin gaskiya ne, sai dai shi bai san daga ina ake fara ƙirga su ba, bai kuma san abin da ke gabansu da bayansu ba.

Galibin irin waɗannan katunan a Shenzhen da garuruwan da ke kewaye da ita ake haɗa su, a lardin Guangdong na kudancin Sin. Masana'anta ba ta fara ƙirga kwana sai kuɗi sun shiga kuma ka amince da zanen ƙarshe. Kafin a kai nan akwai kai-komo. Za su turo maka ma'aunin kwalin, gwargwadon girman allon da ka zaɓa, inci 4.3 ne ko 5 ko 7. Ka zauna ka daidaita zanenka a kai, ka tura, su duba, su dawo maka da gyara. Sin tana gaban Najeriya da awa 7. Ƙarfe 9 na safe a Wudil, ƙarfe 4 na yamma ne a Shenzhen. Idan ka tsaya sai bayan azahar ka ba da amsa, ma'aikacin da kake magana da shi ya tashi tuntuni, sai gobe. Tambaya ɗaya, kwana ɗaya.

Mu Hausawa ma muna da wata matsala tamu ta daban. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, ba kowace kwamfuta ke gane su ba. Yaron nan ya rubuta "ɗaurin aure", samfurin da aka turo masa ya fito da ɗan akwati a gurbin harafin farko. Addu'ar da ya sa da Larabci kuwa haruffanta suka rarrabe, suka juya baya. Gyaran waɗannan kaɗai ya ci kwana uku. Da tun farko ya mayar da rubutun zane kafin ya tura, da bai yi wannan asarar ba.

Bayan an amince sai a buga kwalin, a lulluɓe shi da leda, a yanka, a naɗe, a manna allo da batir, yawanci da hannu, a ɗora bidiyo, a gwada kowane kati. Waɗannan su ne kwana 7 ɗin, kuma kwanakin aiki ake nufi, ba a sa ranakun hutu a ciki.

Hutun kuwa shi ya karya yaron. Sabuwar shekarar Sinawa a 2025 ta faɗo ranar 29 ga Janairu. Wannan ita ce babbar sallarsu. Ma'aikata kan koma garuruwansu tun kafin ranar, masana'antu da yawa su rufe sati biyu ko fiye, kuma idan an dawo sai an fara da odar da ta taru. Ku dubi yadda abin ya zo daidai da namu: watan Sha'aban na shekarar, lokacin da kowa ke rige-rigen aurar da 'ya kafin azumi, ya kama kusan duk Fabrairu. A 2026 ma bikin nasu ya faɗo 17 ga Fabrairu, dab da fara azumi. Akwai kuma hutun mako guda da suke yi daga 1 ga Oktoba. Duk mai sayo kaya daga Sin da bai rubuta waɗannan ranaku a bangon shagonsa ba, wasa yake yi da kuɗin mutane.

Saura hanya. Katin nan batirin litiyom ne a cikinsa, irin na waya, kuma dokokin sufurin sama na duniya sun sa shi cikin kayan da ke iya kamawa da wuta. Tun Afrilun 2016 aka hana ɗaukar irin wannan batir shi kaɗai a matsayin kaya a jirgin fasinja. Wanda ke cikin na'ura ana ɗauka, amma da sharuɗɗa da takardu, shi ya sa masu jigilar kaya kan ware kayan batir daban, kuma ba kullum suke tashi ba. Idan sun sauka a Legas ko a filin jirgin Malam Aminu Kano, akwai kwastam. Jirgin ruwa kuma ba na mai biki ba ne, domin daga Sin zuwa Apapa ya fi wata guda a kan teku, kafin a zo batun fitar da kaya da hawo da su Arewa. A ƙarshe kar ka manta, katin gayyata ba ranar biki ake raba shi ba. Sai ya isa hannun mutane da aƙalla mako guda.

Ka tara duka: mako ɗaya na zane da gyara, ɗaya zuwa biyu na haɗawa, biyu na hanya da kwastam, ɗaya na rabawa, ɗaya kuma ka ajiye saboda abin da ba ka zata ba. Ni a lissafina, wanda bai da wata ɗaya da rabi zuwa biyu a hannu, kada ya fara.

Na san wani zai ce, to mene ne amfanin wannan wahala, alhali za ka iya tura bidiyon gayyata ta WhatsApp kyauta? Gaskiyarsa. Ni ma ba zan ba talaka ɗan uwana shawarar ya zuba kuɗin kayan ɗaki a kwalin da za a kalla sau biyu a jefar ba, batirinsa ya ƙare a bola yara na wasa da shi. Amma kasuwar tana nan ko mun so ko mun ƙi: makarantu masu zaman kansu, masu sayar da filaye da gidaje, manyan 'yan kasuwa, ga kuma 'yan siyasa da zaɓen 2027 ke tafe. Wani zai ci wannan kuɗin. Abin da nake so shi ne idan namu ne zai ci, ya ci da mutuncinsa.

Kuma maganar ta wuce kati. Ciwonmu ne gaba ɗaya. Tela ya san ɗinkin da ke gabansa ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage kafin sallah, amma ya karɓi shaddarka ya ce "jibi in sha Allahu". Kafinta ya karɓi kuɗin gado da kujerun amarya, ranar jere a same shi yana shafa fenti. Muna jin kunyar cewa "ba zai yiwu ba", muna tsoron kada ciniki ya wuce mu, sai mu sayi kunyar yau da abin kunyar gobe. Mun mayar da "in sha Allahu" mafakar wanda bai yi lissafi ba, alhali kalma ce ta wanda ya yi iya ƙoƙarinsa ya bar wa Allah sauran. Masu ba da aiki su ma da nasu laifin. An sa ranar biki tun wata huɗu, amma sai saura kwana goma a tuna da kati, a zo ana cewa "ka taimaka, ko nawa ne zan ƙara". Kuɗi na iya sayen jirgi mai sauri, amma ba sa buɗe masana'antar da ma'aikatanta suka tafi gida.

Akwai kuma wata dama a cikin wannan jinkirin. Abin da ba mu ƙerawa a katin nan shi ne allo da batir da ɗan kwanon lantarkin da ke sarrafa su, kuma ana sayar da su a haɗe, ba tare da kwali ba. Buga kwali, yanka shi, naɗewa da ɗora bidiyo ta kebul, duk ana iya yin su a maɗaba'un Kano, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga gadar Wudil idan hanya ta yi kyau. Matasa uku ko huɗu za su iya haɗa jari su sayo allunan tun babu oda, su ajiye, suna yi musu caji lokaci-lokaci don kada batir ya mutu. Ranar da Alhaji ya zo, abin da ya rage aikin kwanaki ne, kuma mai gyara "ɗaurin aure" Bahaushe ne da ya san harafin. Garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, mai yaye injiniyoyin lantarki da masana kwamfuta, bai kamata a rasa masu wannan aikin a cikinsa ba. Akwai kasada, domin canjin dala na iya juyawa kaya na ajiye, shi ya sa nake cewa a fara da kaɗan.

Kafin nan dai, ɗan uwa, idan aka kawo maka aiki, ɗauki kalanda ka fara ƙirga daga ranar biki kana dawowa baya. Tambayi masana'anta yaushe take fara ƙirga kwanakinta, yaushe za ta rufe, da wace hanya kayan batir za su bi. Idan lissafi bai fita ba, ka dubi mai aikin ka ce, "Alhaji, wannan ba zai iso ba, amma ga abin da zan iya yi maka." Wataƙila ya tafi wajen wani a ranar, amma zai san kai ne wanda ya faɗa masa gaskiya.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa, idan mai duka ya kai mu.