Gout Gout: Juma'ar da Ake Hange Tun Daga Laraba

A makon jiya, bayan na kammala lacca, wasu ɗalibaina suka tsayar da ni a bakin ƙofa da wayar salula a hannu. Na zaci koke ne kan makin jarrabawa, ashe bidiyon tsere ne na mita 200. Wani siririn yaro baƙar fata ya fito daga kwana kafaɗa da kafaɗa da sa'o'insa, yana miƙewa kuma sai ya bar su a baya kamar sun tsaya shan ruwa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya ce, “Malam, ga sabon Usain Bolt nan.” Na ce masa ya bari in yi tunani. Abin da tunanin ya haifar shi ne rubutunmu na wannan mako.

Sunan yaron Gout Gout, an haife shi a ƙarshen watan Disamba na 2007 a jihar Queensland ta ƙasar Ostireliya. Iyayensa 'yan asalin Sudan ta Kudu ne, sun zauna a Masar kafin su ƙaura zuwa can. A makarantarsa da ke garin Ipswich ne wata mai horarwa, Di Sheppard, ta lura da gudunsa ta ɗauke shi. A watan Agustan 2024 ya ci lambar azurfa a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 da aka yi a Lima, babban birnin Peru. Ranar 7 ga Disamban wannan shekarar, a gasar makarantu a Brisbane, yana ɗan shekara 16, ya gudu mita 200 cikin daƙiƙa 20.04. Da wannan gudun ya karya tarihin ƙasarsa na daƙiƙa 20.06 wanda Peter Norman ya kafa a gasar Olamfik ta Meziko a 1968, tarihin da ya shekara 56 ba a taɓa shi ba. Shi wannan Norman shi ne Baturen da ya tsaya a kan dandamalin karɓar lamba tare da Tommie Smith da John Carlos ranar da suka ɗaga hannu domin nuna adawa da wariyar launin fata a Amurka, kuma ya goyi bayansu. Sai ga shi ɗan baƙi 'yan Afirka ne ya gaje shi.

Kwatanta shi da Bolt yana da tushe. Bolt yana ɗan shekara 16, a 2003, mafi kyawun gudunsa daƙiƙa 20.13 ne, Gout kuwa ya wuce haka a wannan shekarun. A watan Yunin 2025 ya ƙara rage lokacinsa zuwa 20.02 a Ostrava ta Jamhuriyar Cek. Ya taɓa yin 19.84 a Perth, sai dai iska ce ta tura shi fiye da ƙa'ida, domin doka ta ce idan iskar da ke bayan mai gudu ta wuce mita 2 a daƙiƙa ɗaya ba a shigar da lokacin cikin kundin tarihi. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma babu mai musun cewa Larabar wannan yaro ta yi kyau.

Amma mai karatu, bari mu yi lissafi. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Letsile Tebogo na Botswana ya ci zinare da daƙiƙa 19.46. A gasar duniya ta Tokyo a watan Satumban 2025, Noah Lyles na Amurka ya ci da 19.52. Gout ya je wannan gasa ta Tokyo, ya tsallake zagayen farko, ya tsaya a na kusa da ƙarshe. Tsakanin 20.02 da 19.50 akwai rabin daƙiƙa. A kunne abin kamar ba komai, amma masu wannan gudu suna cin kimanin mita 10 a kowace daƙiƙa, don haka rabin daƙiƙa tazarar mita 5 ce a layin ƙarshe. Wannan mita 5 ɗin ita ce mafi wuyar samu a rayuwar ɗan tsere. Ana samunta ne ta hanyar gyara tashi daga mazaunin farawa, da ƙarfafa tsokar cinya da ƙugu, da koyon ratsa kwana ba tare da ɓarnar ƙarfi ba, da kuma jure zagaye uku cikin kwana uku. Abin da ke ba da ƙwarin gwiwa game da Gout shi ne rauninsa yana farkon tsere ne, ƙarfinsa kuma yana ƙarshe. Tashi abu ne da ake koya wa mutum, amma riƙe gudu a mita 50 na ƙarshe, lokacin da ƙafafun kowa suka yi nauyi, galibi baiwa ce.

Tarihin Bolt kansa ya isa darasi ga masu gaggawa. Ya ci gasar matasa ta duniya a Kingston a 2002 yana ɗan shekara 15. Shekara biyu bayan haka ya je Olamfik ta Athens da rauni a ƙafa, aka fitar da shi tun zagayen farko. A 2005, a Helsinki, ya zo na ƙarshe a tseren ƙarshe saboda wani raunin. Sai da mai horarwa Glen Mills ya zauna da shi, aka kula da karkatar da ke ƙashin bayansa, aka sake gina jikinsa sannu a hankali, sannan ya zama Bolt ɗin da duniya ta gani a Beijing a 2008, wanda ya kafa 9.58 da 19.19 a Berlin a 2009. Shekara shida ke tsakanin Kingston da Beijing, kuma da yawa daga cikinsu shekarun jinya ne da surutun jama'a.

Akwai kuma waɗanda Larabarsu ta yi kyau amma Juma'ar ta zo da wani abu daban. Darrel Brown na Trinidad ya ci azurfa a mita 100 a gasar duniya ta manya a 2003 yana ɗan shekara 18, daga nan raunuka suka yi ta binsa, bai sake hawa wannan matsayi shi kaɗai ba. Yoshihide Kiryu na Japan ya yi daƙiƙa 10.01 yana ɗan sakandare a 2013, sai da ya shekara huɗu kafin ya kai 9.98. Erriyon Knighton na Amurka ya yi 19.49 yana ɗan shekara 18 a 2022, ya ci tagulla da azurfa a gasannin duniya, amma a 2025 kotun sauraron ƙararrakin wasanni ta dakatar da shi shekara huɗu saboda an sami haramtaccen sinadari a jikinsa, duk da cewa shi ya ce daga naman da ya ci ne. A ɗaya ɓangaren ga Tebogo, wanda ya ci gasar matasa ta duniya a Nairobi a 2021 da Cali a 2022, ya kuma zama ɗan Afirka na farko da ya ci zinaren Olamfik a mita 200. Ashe hanyar tana ɓullewa, amma ba kowa take ɓullewa da shi ba.

A ganina, babban haɗarin da ke gaban Gout ba ya cikin ƙafafunsa. Ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Adidas tun yana ɗan shekara 16. Birnin Brisbane, wanda ke maƙwabtaka da garinsu, shi zai karɓi baƙuncin Olamfik ta 2032, lokacin yana da shekara 24, daidai ganiyar ɗan tsere. Tun yanzu ƙasa guda ta ɗora masa burinta, masu shirya gasa suna son sunansa domin ya cika musu fili, masu talla suna son fuskarsa. Kowanne daga cikinsu yana da dalilin so ya yi gudu yau, kaɗan ne ke da dalilin cewa ya huta. Jikin da bai gama girma ba kuwa, idan aka matsa masa, tsokar bayan cinya ce ke fara biyan bashin. Sauri ya haifi nawa, in ji masu iya magana.

Na san wannan daga aikina. A shekarun da na yi ina koyarwa na ga ɗalibai da suka shigo jami'a da sakamakon da ya girgiza kowa, dangi suka fara kiransu Likita ko Farfesa tun suna aji ɗaya. Wasunsu sun kai. Wasu kuwa, ranar da suka fara faɗuwa jarrabawa ɗaya, sai suka rasa inda za su sa kansu, domin ba a taɓa koya musu cewa faɗuwa tana cikin karatu ba. Yaron da aka saba yaba wa baiwarsa kaɗai yakan ji tsoron duk abin da zai gwada ta. Saboda haka ni ban ɗauki tsayawar Gout a zagayen kusa da ƙarshe a Tokyo a matsayin koma-baya ba. Gara ya ɗanɗani shan kaye a 2025, yana da shekara 17, a hannun manyan da suka girme shi da shekara bakwai ko goma, da ya fara saninsa a gaban jama'ar garinsu a 2032.

Alamun da ake gani zuwa yanzu masu daɗi ne. Bai bar mai horarwar da ta gano shi ba, bai watsar da karatunsa ba, kuma ko da ya je Florida ya yi atisaye tare da Lyles, gida ya dawo. Idan na kusa da shi suka ci gaba da iya cewa a'a ga wasu gayyace-gayyace, idan Allah Ya kare shi daga mugun rauni da mugun mashawarci, ina ganin zai iya kaiwa tseren ƙarshe a Los Angeles a 2028, ya kuma nemi lamba a Brisbane. Fiye da haka babu wanda zai iya yin alkawari.

Ga ɗalibin nan nawa kuwa, ga amsata. Kada ka kira shi sabon Bolt, domin wannan suna kaya ne mai nauyi, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa ɗaukarsa. Ka kira shi da sunan da iyayensa suka raɗa masa, ka ba shi shekara shidan da aka ba Bolt, sannan mu sake zama mu yi magana. Allah Ya kai mu.